Abin da Muka Tarar a Adakar Baba

Wayar yayana Hamma ta same ni a Bauchi dare ya raba, ana tsakiyar hunturu. Ban gama amsa sallamarsa ba ya ce, "Sai haƙuri, Baba ya cika." Na yi salati, na maimaita inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, daga nan bakina ya mutu. Ya ce an tsayar da jana'iza ƙarfe 11 na safe, kuma kada in kuskura in kama hanya cikin daren nan. A bakin gado na zauna har aka kira assalatu. Ina idar da asuba na ta da mota, na bi ta Dindima da Alkaleri da Bara, hazo ya rufe gaba sai da fitila nake tafiya, ban shiga Gombe ba sai da hantsi ya ɗaga.

Daga wannan safiya har ranar da Inna ta fita takaba, wata 4 da kwana 10, babu abin da aka yi ba da ni ba: wanka, sutura, kai shi makwanci, zaman gaisuwa, biyan bashi, zartar da wasiyya, rabon gado. Na haura shekara hamsin ina ɗan mutumin nan, amma rabin abin da na sani a kansa yau, cikin waɗannan watannin na san shi.

Baba da sarauta yake lissafa shekarunsa. Yakan ce an haife shi Sarki Abubakar bai daɗe da hawa gadon sarautar Gombe ba. Sarki Abubakar ya hau a 1936, ya yi mulki har 1984, sannan Shehu Usman Abubakar ya riƙe har 2014, sannan Sarki na yanzu, Abubakar Shehu Abubakar na uku. Baba ya ga dukkansu ukun. An haife shi a Lardin Bauchi, ya zama ɗan Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ɗan Jihar Bauchi a 1976, ɗan Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996, duk kuwa bai gusa daga gidan nan namu na Jekadafari ba. In jikoki suka tambaye shi jihohi nawa ya zauna, sai ya ce shi bai je ko'ina ba, su ne suka yi ta zuwa suna tarar da shi a zaurensa.

Da na shiga gida na tarar an jira ni da wanka. Mu huɗu ne a ɗakin: na'ibin limamin unguwa, Baffa ƙanen Baba, Hamma, da ni. Aikina zuba ruwa. Aka rufe shi da zane daga cibiya zuwa gwiwa, na'ibi ya naɗe hannunsa da ƙyalle, ya matsa cikinsa a hankali, ya tsarkake shi, ya yi masa alwala kamar mai shirin salla. Sannan aka fara da gefen dama, aka koma hagu. Ruwan farko da ganyen magarya, na ƙarshe da kafur, kuma a kan mara ake tsayawa, uku ko biyar. Na'ibi yana yi yana gaya mini abin da zan yi da ƙaramar murya, "Zuba nan. Ya isa. A hankali." Ruwan ɗumi Baffa ya sa aka kawo saboda sanyi, ko da yake duk mun san ba ya jin sa.

Da aka juya shi ne na ga kantar da ke kafaɗarsa ta dama, baƙa, mai kauri, faɗinta ya kai tafin hannun yaro. Ban taɓa ganin Baba ba riga ba, don haka ban san da ita ba. Baffa ya lura na tsaya da buta a hannu, ya ce, "Ta dako ce. Tun ta auduga." A shekarun 1950, lokacin da auduga ke tashe a ƙasar Gombe, Baba yana saurayi yana dakon buhuna a kasuwar auduga. Da jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963 ya koma lodi a tasha. Da abin da ya tara a kafaɗar nan ya sayi mudu da tiya ya zauna awon hatsi, kuma da awon nan ya ci da mu, ya sa mu takwas a makarantar allo da ta boko. Ni a matsayin Alhaji mai rumfa a Tudun Hatsi na buɗe ido na gan shi, da farar riga da hula zanna. Shekara sittin da barin dako, kantar ba ta baje ba.

Da aka zo maganar likkafani Hamma ya ce a aika kasuwa a yanko alawayyo. Sai ga 'yar'uwarmu Adda ta leƙo daga bakin ƙofa da ɗan makulli a hannu, ta ce Inna ce ta kwance shi daga bakin zanenta, ta ce a buɗe adakar Malam, wato Baba, likkafaninsa yana nan sama-sama. Muka jawo adakar daga ƙarƙashin gado. Yana nan kuwa, a ninke cikin leda, an riga an yanka shi, yana ƙanshin turaren da ya daɗe a rufe. Tun hajjinsa ya saye shi, ya jiƙa shi da ruwan Zamzam ya shanya. A ƙarƙashinsa akwai wani littafi mai baƙin bango, irin na 'yan kasuwa, an ɗaure shi da tsumma. Na kai hannu, Hamma ya ce, "Ba yanzu ba."

Kafin sha ɗaya layi ya cika har bakin titi. An sanar a lasifikar masallaci bayan asuba, yara kuma sun watsa a WhatsApp, amma yawancin waɗanda suka zo ba masu waya ba ne, tsofaffi ne da 'yan kasuwa da 'yan dako da suka ji a bakin juna. Aka ajiye makara a ƙofar gida. Kafin a ta da salla Hamma ya miƙe ya ce, "Jama'a, duk wanda ya san yana bin Baba bashi, komai ƙanƙantarsa, don Allah ya same ni ko ɗaya daga cikin ƙannena. Mun ɗauke masa." Haka ake yi a kowace jana'iza, na kuma sha ji a ta wasu, amma ranar ce na ji nauyin maganar, don an ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Liman ya tsaya daidai tsakiyarsa kamar yadda ya zo a Risala, aka yi kabbara huɗu a tsaye, babu ruku'u babu sujada, aka sallame. Duka bai fi minti biyar ba. Shekara tamanin da ɗoriya, sallar da za a yi maka ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba.

Makarar ba ta daɗe a kafaɗar kowa ba, wannan ya karɓa wancan ya karɓe, har maƙabarta. Ni da Hamma da ƙanenmu muka shiga kabarin. Muka kwantar da shi a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, muka sassauta ƙullin kai da na ƙafa. Aka miƙo itatuwa muka jera a kan ƙaramin ramin, aka toshe kafofin da ganye, aka shafe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan jama'a suka tura busasshiya. Liman ya ce a roƙa masa tabbata, yanzu ake tambayarsa. Da muka juyo na ga Baffa ya kasa tashi daga tsugune, sai da muka kama shi. Shi kaɗai ya rage a ɗakinsu.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa, maza a kan tabarmi a zaure da gindin dalbejiyar ƙofar gida, mata a ciki wajen Inna. Baba ya sha faɗa tun yana da rai cewa kada a kafa masa rumfa da kujeru, kada a ɗora tukunya saboda shi, kuma mun bi maganarsa. Maƙwabta ne suka yi ta shigo da kwanuka, tuwo da dambu da kunu, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar abinci ranar da labarin rasuwarsa ya zo. A ganina wannan ita ce hanya. Na ga gidajen da aka yi rashi, masu gidan suka ƙare da cin bashi don ciyar da 'yan gaisuwa, maraya yana kuka yana lissafin buhun shinkafa.

Mutum ya zo ya tsuguna, a yi fatiha, ya ce, "Ya haƙuri?" Mu ce, "Haƙuri da godiya." Ya ce, "Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan." Mu ce amin, Allah ya ba da lada. Sau ɗari nawa muka faɗa, har baki ya saba yana yi da kansa. Kowa kuma da kalmar yabo, mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, sahun gaba ne. Na yarda da su, sai dai irin wannan yabo ana yi wa kusan kowane mamaci, kunne yakan ji ya wuce. Wadda ta tsaya mini a rai wata tsohuwa ce da ta zo daga Bolari da sanda a rana ta biyu. Ba ta shiga wajen mata ba sai da ta tsaya a bakin zaure ta ce tana son ganin manyan 'ya'yan Alhaji. Ta ce ita ba ta da abin biya, amma ta zo ta faɗa don kada ta mutu da shi: tun rasuwar mijinta take karɓar awo a rumfarsa, tiya biyu, tiya uku, yana rubutawa, ba ta taɓa biya ba, bai taɓa tambaya ba. Hamma ya ce, "Iya, je ki, za mu duba."

A cikin gida kuwa wata jikarsa 'yar shekara shida, wadda yake kira amaryarsa yana ba ta kuɗin cefane naira hamsin kowace safiya, ta hana kowa zama a kan buzunsa. Ta ce na mijinta ne.

Ran kwana huɗu, bayan la'asar, muka zauna a ɗakinsa da littafin. Mu bakwai da muka rage, maza uku mata huɗu, da Baffa, da wani malami masanin gado da liman ya haɗa mu da shi. Inna tana ɗakinta, Adda ce ke kai mata magana tana dawowa da amsa. Malam ya fara da shimfiɗa mana tsari, ya ce dukiyar mamaci hawa huɗu ake bi da ita, kuma ba a tsallake ɗaya: a fitar da kuɗin suturarsa, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage shi ne na magada. Ya ce yawancin rigimar gado da yake gani, daga gaggawar tsallakawa hawa na huɗu take tasowa.

Littafin da ajami aka rubuta shi, da hannun Baba mai kwantawa gefe, wani wuri da tawada wani wuri da biro. Malam ne ya karanta. A shafin farko Baba ya rubuta farkon aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce idan kun ƙulla bashi zuwa wani lokaci ambatacce ku rubuta shi. Shafukan farko da fam da sule aka yi lissafinsu. Daga inda aka canza kuɗi a Janairun 1973 sai ya koma naira da kwabo, har ya rubuta wa kansa tuni a gefe cewa fam ɗaya naira biyu ne, sule ɗaya kwabo goma. Muna bin shafukan muna ganin yadda kuɗin mudun gero ya tashi daga kwabbai ya koma ɗaruruwa.

Ta gaba ya rubuta waɗanda yake bi, ta baya kuma, in ka juya littafin, waɗanda ke binsa. Na gaban sun fi yawa nesa ba kusa ba. Suna, unguwa, abin da aka auna, sai layi a kai in an biya. Amma akwai sunaye da yawa da aka ja wa layi, a gefe kuma an rubuta kalma biyu: na yafe. Malam ya karanta ta sau biyar, sau goma, daga nan ya daina karantawa da ƙarfi, sai ya nuna da yatsa kawai ya wuce. Mun sami tsohuwar Bolari. Shafi guda da rabi ne nata, kuma kowace shekara, a ƙarshen lissafinta, kalmomin nan biyu. Ita tana can tana ɗauke da nauyin bashin shekara da shekaru, shi kuwa ya daɗe da sauke mata. Na yi ta tunanin me ya hana shi gaya mata. Baffa ne ya ba ni amsa, ya ce da ya gaya mata da kunya ta hana ta dawowa, mai karɓar bashi yana shigowa kasuwa da kansa a ɗage, mai karɓar sadaka kuwa sai ya waiwaya. Washegari ni na je Bolari na gaya mata. Ta daɗe tana kuka, ta ce ashe haka Alhaji ya yi mata.

Waɗanda ba a ja wa layi ba, Malam ya ce sun zama dukiyar magada, in mun so mu karɓa, in mun so mu yafe, kowa a kan rabonsa. Muka karɓi na masu hali, muka bar na sauran.

Ta bayan littafin ba ta da yawa. Kuɗin magani a wani kemis, ragowar kuɗin ɗinki, bashin buhu huɗu na wake da ya karɓa a hannun wani abokin cinikinsa na Kumo. A cikin mako guda muka biya duka, muka karɓi shaidar kowa. Saura layi ɗaya, wanda yake can sama da tsohuwar tawada da ta koma ja. Malam ya karanta: saniya ɗaya, ta mai ɗakina, shekarar fari. A ƙarƙashi da biro, da hannun da ya fara rawa, an ƙara: ta ƙi karɓa, a ba ta bayan raina.

Babu wanda ya san zancen a cikinmu, har Hamma. Adda ta shiga ta tambayo. Ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito idonta ya yi ja. A farin 1973, lokacin da amfanin gona ya ƙone hatsi ya yi wuya a duk Arewa, jarin Baba ya karye. Inna tana da saniya guda da mahaifinta ya ba ta da za a kawo ta, tana kiwo a rugarsu. Ta aika aka sayar, ta ƙulle kuɗin a ƙyalle ta ajiye masa a ƙarƙashin matashi, ba ta ce komai ba. Da wannan kuɗin ya koma rumfa. Bayan ya farfaɗo ya kawo mata kuɗin saniya ta ƙi, ya sayo saniyar ta ce a mayar, ya sake tayar da maganar da zai tafi hajji ta ce in ya ƙara za ta yi fushi. Sai ya bar faɗa, ya rubuta. Saƙon da ta aiko Adda da shi shi ne, ita ta yafe tun ranar.

Malam ya yi shiru, sannan ya ce a koma a gaya wa Hajiya, haƙƙinta ne, in ta yafe ya yafu. Amma mai littafin nan ya bar magana a rubuce, kuma shekara hamsin yana son ya ga ta karɓa. Ya kawo hadisin da Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Adda ta sake shiga. Amsar da ta fito da ita gajeriya ce: "Tunda Malam ya ce, a kawo."

Sai wasiyya. A tsakiyar littafin akwai takarda a ninke, da sa hannun shaidu biyu, liman da wani amininsa. Babban wanmu, ɗan farin Baba, ya rasu a hatsarin mota shekaru da suka wuce, ya bar yara uku, namiji da mata biyu, a gidan nan suka tashi. A shari'a jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye, mu baffanninsu mun shamakance su. Baba ya san haka sarai. Ya kuma san ba a yi wa magaji wasiyya, amma ana yi wa wanda ba ya gado. Don haka ya rubuta cewa gonarsa ta hanyar Dukku ta yaran nan uku ce. Ya jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sunan ubansu kuwa bai rubuta ba, ya ce 'ya'yan babban yaron nan. Har ya koma ga Allah bakinsa bai taɓa kama sunan ɗan farinsa ba, alƙalaminsa ma ya ji kunya.

A nan ne aka sami ɗan cikas, kuma ba zan ɓoye shi ba. Lokacin da Baba ya sayi gonar daji ce, sai gero da gyaɗa. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gari yake ta miƙewa, yanzu gidaje sun kusa cim mata, kuɗin fili ya zama abin da ya zama. Muka kira dillalai biyu, kowa daban, suka yi wa gida da gona da kayan rumfa kuɗi, aka haɗa da abin da ke banki. Da Malam ya buga lissafi sai gonar ta ɗara sulusi da kaɗan. Ya karanto hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya nemi ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa Annabi ya tsayar da shi a sulusi, ya ce sulusin ma da yawa. Ya ce abin da ke cikin sulusi ya zama na marayu ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya ɗara kuwa sai da yardar magada, kuma kowa bakin rabonsa yake magana, babu mai yafe na wani.

Adda ce ta fara cewa ta bar musu. Sauran mata suka bi, Inna ta aiko da nata, ni da Hamma muka ce mun bari. Ƙanenmu ya sunkuyar da kai ya ce shi yana son nasa. Ɗakin ya yi tsit. Na ji raina ya ɓaci a lokacin, amma da na kwana na tashi ban ga laifinsa ba: gidan haya yake, 'ya'yansa shida, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Malam ma ya ce haƙƙinsa ya nema, babu zunubi a kansa, kada wanda ya kalle shi da shi. Don kada a yanki gonar, ni da Hamma muka haɗa kuɗin abin da ya faɗo masa a cikin ƙarin muka ba shi. Inna ta aiko cewa duk wanda ya sake ta da zancen nan, ko a bayan ranta, ba ta yafe ba. Na kawo shi nan ne kawai don wanda zai zauna irin wannan zama ya san ana samun haka a gidan da ake zaman lafiya ma, kuma yana da mafita.

Rabon kansa bai ɗauki awa guda ba. Malam ya karanta aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i. Mata tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, idan mamaci ya bar 'ya'ya. Saura na 'ya'ya ne, namiji yana da rabon mata biyu. Ya mai da dukiyar kashi 80: Inna 10, kowane namiji 14, kowace mace 7. Maza uku 42, mata huɗu 28, da na Inna ya cika 80 daidai. Gidan ba mu sayar ba, an rubuta rabon kowa a cikinsa, muka yarda Inna ta zauna iya rayuwarta. Kowa ya sa hannu, shaidu suka sa.

Kuɗin banki ne suka fi ja mana rai, ga su kuma ba su taka kara sun karya ba. Sai da muka karɓo takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, muka nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotu, sannan bankin ya saurare mu. Je ka dawo ya cinye fiye da wata biyu. Wanda ke da tsoho mai asusu, ya fara neman takardun nan da wuri.

Duk wannan ana yi Inna tana takaba, kamar yadda aya ta 234 ta Baƙara ta ce. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba ta kwana ko'ina sai ɗakinta. Kowace Juma'a da yamma nakan taho daga Bauchi in kwana biyu. Ba ta cika magana a kansa ba, kuma ko sau ɗaya ban ji ta kama sunansa ba, Malam take cewa kamar yadda ta saba fiye da shekara sittin. Wani dare ina zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, sai ta ce, "Ka san tun da gwiwoyin nan suka kama ni ban ƙara alwalar asuba da ruwan sanyi ba?" Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce kafin kiran farko yake tashi, ya hura gawayi, ya ɗora ruwa, ya surka a buta, ya ajiye mata a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa sau biyu ya wuce masallaci. Ya hana ta gaya wa kowa, wai kada yara su ce za su karɓe masa. Har ranar da ya kwanta ciwon ajali, kwana tara kafin rasuwarsa, bai fasa ba.

Ranar da ta cika wata 4 da kwana 10 ta yi wanka, ta sa sabon zane, 'yan'uwanta suka zo aka yi addu'a, Goggo ta sa mata lalle. Da la'asar muka shigo da karsana ja, mai ƙiba, wadda ni da Baffa muka zaɓo a kasuwar shanu. Inna ta fito tsakar gida tana dafa bango, ta shafa wuyanta, ta ce, "Na karɓa. Ku shaida na karɓa." Muka ce mun shaida. Hamma ya ɗauko littafin ya ja layi a kan rubutun. Sannan ta kira babban jikan nan maraya, wanda yake kwana a zaure tun yana yaro, ta damƙa masa igiyar, ta ce a kai ruga a yi masa kiwo, shi da ƙannensa.

Washegari zan koma Bauchi, na tashi tun kafin assalatu don in haɗa kaya. Da na fito tsakar gida sai na ga garwashi yana ja a murhu, ga buta a bakin ƙofar Inna tana tururi. Yaron ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya ɗauki hularsa. Da ya gan ni ya ɗan tsaya, ya ce, "Baffa, ina kwana." Na ce lafiya lau, tun yaushe kake yin wannan? Ya ce tun daren da Alhaji ya kwanta, shi ya kira shi ya nuna masa yadda ake surkawa. Muka fita masallaci tare.